Ed O'Bannon: Daga Filin Kwando Zuwa Kantin Motoci, Zuwa Gaban Alƙali

A wurinmu gasar wasannin ɗalibai harka ce ta cikin gida: a buga, a tafa, a ba da kofi, kowa ya koma aji. A Amurka abin ya wuce nan nesa. Duk watan Maris jami'o'i 68 ne ke shiga gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, wadda ake yi bisa tsarin wanda aka doke ya tattara kayansa, kuma tsawon mako uku ƙasar ba ta da wata hira sai ita. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner sun amince su biya dala biliyan 10.8 domin nuna gasar na shekara 14, a 2016 kuma suka ƙara dala biliyan 8.8 don yarjejeniyar ta kai 2032. Masu horarwa a manyan jami'o'i suna ɗaukar miliyoyin daloli a shekara, har a jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'a albashi. Su kuwa samarin da ake biyan duk wannan kuɗi domin a kalle su, shekaru da yawa abin da ake ba su bai wuce kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai ba. A wancan lokaci wanda ya karɓi ko dala ɗaya saboda sunansa ya karya doka, kuma hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, tana iya dakatar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan tsari ya rushe a kan idonmu, cikin ƙasa da shekara ashirin. Duk sanda na waiwayi yadda aka yi ya rushe, sunan mutum ɗaya nake fara cin karo da shi, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne ba yana kan ganiyarsa ya yi wannan aiki ba. Ya yi shi ne bayan tafi ya ƙare, yana sayar da motoci a gefen Las Vegas.

An haifi Ed O'Bannon a Los Angeles a watan Agusta 1972. Tun yana makarantar sakandare ta Artesia sunansa ya zaga ƙasa, manyan jami'o'i suna rububinsa. Da farko ya so ya tafi jami'ar Nevada da ke Las Vegas, amma da takunkumin NCAA ya hau kanta sai ya zaɓi UCLA, jami'ar garinsu, wadda a zamanin koci John Wooden ta ɗauki kofin ƙasa sau goma. Kwanaki kaɗan kafin a fara atisayen kakar 1990, yana wasan motsa jini da abokai, ya dira ba daidai ba, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Sai da aka dasa masa jijiyar wani mamaci, ya shafe fiye da shekara guda yana jinya da koyon taka ƙafa kafin ya koma fili. Yaro ne ɗan shekara 18 a lokacin. Ina ganin wanda ya taɓa kwanciya irin wannan ya riga sa'o'insa sanin cewa jiki aro ne, ko da bai faɗa ba.

Ya dawo a hankali. A 1994 UCLA ta ji kunya, jami'ar Tulsa ta yi waje da ita tun zagayen farko. Shekara ta zagayo, O'Bannon yana ajin ƙarshe, shi ne jagoran tawaga, ƙaninsa Charles yana gefensa a fili, Jim Harrick yana horar da su. Ranar 3 ga Afrilu 1995, a birnin Seattle, suka haɗu da Arkansas mai riƙe da kofin. Mai raba musu ƙwallo, Tyus Edney, ya ji ciwo a wuyan hannu, bai iya yin ko 'yan mintoci ba ya fita. O'Bannon ya ɗauki nauyin a kansa: maki 30, ya kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 17. Aka tashi 89 da 78. Aka ba shi gwarzon gasar, ya kuma karɓi kyautar Wooden ta ɗan wasan jami'a mafi fice a ƙasar. Kofin UCLA na 11 ke nan, na farko tun 1975, kuma a shekarar da ta biyo baya jami'ar ta jingine lambarsa, 31, ba mai sake sa ta.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauke shi a matsayi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar ƙwararru ta NBA na 1995, da kwantiragin shekara uku na kusan dala miliyan 3.9. Amma wasan manya daban yake. Jikinsa bai kai ya yi gogayya da ƙarti a ƙarƙashin kwando ba, gwiwar kuma ba ta bar masa zafin naman da zai bi masu gudu a gefe ba. Ga nisa da gida, ga zaman benci. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ƙarfin gwiwarsa ne ya ƙare. A farkon 1997 aka haɗa shi cikin musayar 'yan wasa zuwa Dallas, daga can aka miƙa shi Orlando, ita kuma ta sallame shi. Wasa 128, matsakaicin maki biyar a kowane wasa: iyakar rabonsa a NBA ke nan. Sai yawon ƙasashe na shekara bakwai, Italiya, Sifaniya, Girka, Ajantina, Folan. A 2004, yana ɗan shekara 32, ya je gwajin shiga wata gasa ta ƙasar Sin, ya tarar masu gwajin ba su ma taɓa jin sunansa ba. Nan ya ajiye ƙwallo.

Mu tsaya a kan wannan shekara 32 ɗin, domin a nan zancen yake. A kowace sana'a, ɗan shekara 32 yanzu ya fara zama gwani. Malamin makaranta, tela, likita, direba, duk a wannan shekarun hannunsu ke faɗawa. Ɗan wasa shi kaɗai ne ake ce wa ya tsufa a lokacin da sa'o'insa ke hawa. Tun yana ɗan shekara goma duk wanda ya gan shi maganar ƙwallo yake yi masa. Wani ne ke tsara masa lokacin tashi da na cin abinci da na barci. Rana ɗaya duk wannan ya ɗauke, ya wayi gari da mata da 'ya'ya uku, ba digiri a hannu, ga rabin rayuwa a gabansa. O'Bannon ya koma Henderson, kusa da Las Vegas, ya kama aiki a kantin motoci na Findlay Toyota, yana tarbar masu saye, yana zagayawa da su cikin zafin hamadar Nevada. Daga baya aka ɗaga shi zuwa sashen tallace-tallace.

Jaridu da yawa sun ba da wannan labari a matsayin faɗuwa: ku zo ku ga gwarzon 1995 yana tallar mota. Ban taɓa karɓar wannan fassara ba. Mutumin da dubban mutane suka taɓa miƙewa tsaye domin sa, ya iya sa riga ya fito da safe ya nemi halalinsa a wurin da kowa zai iya gane shi ya tambaye shi me ya faru, wannan mutum ya ci wata jarrabawa da ta fi ta Seattle wuya. Da yawa daga cikin taurari sun kasa cin ta. Sun zauna suna jiran waya ta yi ƙara, kuɗi yana zurarewa, girman kai ya hana su ƙaramin aiki har babban ya gagara. Shi bai ɓoye sana'arsa ba. Ya kuma koyar da yara ƙwallo a makarantun sakandaren garin, ya ci gaba da karatu a gefe, har ya karɓi digirinsa na tarihi daga UCLA a 2011, shekara 16 bayan daren da ya ɗaga kofi. Wannan tazara ta shekara 16 ita kanta shaida ce a kan tsarin da ya ce yana biyan 'yan wasa da ilimi.

Ana cikin wannan rayuwa ne wata rana ya je gidan abokinsa, aka nuna masa wasan bidiyo na kamfanin EA Sports da ɗan abokin yake bugawa. A ciki akwai tawagar UCLA ta 1995. Ga wani dogon baƙin ɗan wasa mai aski ƙwal, bahago, sanye da lamba 31, yana tsaye a gurbin da O'Bannon ya saba tsayawa. Suna kawai aka cire. Ba wanda ya nemi izininsa, ba wanda ya ba shi ko sisi, alhali ana sayar da faifan a kasuwa, kamfani da hukuma da jami'a duk suna samun rabonsu. Hujjar da ake kafawa ita ce takardun da ɗalibi ke sa wa hannu kafin a bar shi ya shiga fili. Yaro ɗan shekara 18, wanda ba lauya a gefensa, wanda in ya ƙi sa hannu babu wasa babu karatu, shi ne aka ce ya yafe kamanninsa har bayan ya bar makaranta da shekaru.

Wanda ya zuga shi zuwa kotu ba baƙo ba ne a harkar. Sonny Vaccaro ne, tsohon jami'in tallan takalma wanda ya taka rawa wajen kai Michael Jordan kamfanin Nike a 1984, mutumin da ya san inda kuɗin ke bi domin shi ma ya taɓa raba shi ga masu horarwa. Ya daɗe yana neman tsohon ɗan wasa mai suna da zai yarda ya tsaya a gaba. Wanda ke cikin makaranta ba zai iya ba, domin a lokacin, tun 1973, tallafin karatun 'yan wasa na shekara ɗaya-ɗaya ne, koci na iya ƙin sabunta shi. Wanda ke cin miliyoyi a NBA kuma ba abin da ya dame shi. Sai an sami wanda ke da suna, ba ya kuma tsoron rasa komai a hannun hukumar. A watan Yuli 2009 lauya Michael Hausfeld ya shigar da ƙara da sunan O'Bannon, bisa dokar Amurka ta hana babakere a kasuwa. Zargin shi ne ɗaruruwan jami'o'i sun haɗa baki sun tsayar da farashin suna da hoton ɗan wasa a kan sifiri. Daga baya dattawan wasan, Oscar Robertson da Bill Russell, suka shigo cikin masu ƙara.

Shekara biyar ana jan ƙafa kafin a zauna sauraro a Oakland, a watan Yuni 2014, gaban Mai shari'a Claudia Wilken. O'Bannon ne ya fara ba da shaida. Ya ce a zamaninsa yakan ba ƙwallo awa 40 zuwa 45 a mako, karatu kuwa kamar awa 12, kuma shi ɗan wasa ne da aka lulluɓe da rigar ɗalibi. A wannan shekarar ma Shabazz Napier, tauraron jami'ar Connecticut da ta ci kofi, ya gaya wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa, kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta sassauta dokar abinci. Wani abin lura kuma: Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA tun 1951 har fiye da shekara 30 ya kuma gina tsarin da hannunsa, ya fitar da littafi a 1995, shekarar kofin O'Bannon, yana sukar abin da ya gina. Ke nan na ciki sun daɗe da sanin gaskiya. Wanda zai kai ta gaban alƙali ne babu.

Ranar 8 ga Agusta 2014 Wilken ta yanke cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar babakere. Ta ce a bar jami'o'i su biya cikakken kuɗin da zaman makaranta ke ci, a kuma iya ajiye wa ɗan wasa har dala 5,000 a shekara ya karɓa in ya gama. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin amma ta soke dala 5,000 ɗin, a 2016 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron shari'ar. Ga mai kallo daga nesa, nasarar ba ta taka kara ta karya ba. O'Bannon ma bai tsira da zagi ba, domin EA ta daina fitar da wasannin jami'o'i bayan ita da kamfanin da ke kula da tamburan jami'o'i sun biya dala miliyan 40 na sulhu, masu son wasan bidiyo kuwa suka ɗora masa laifin kashe musu abin nishaɗi.

Amma an riga an huda katangar. A Satumba 2019 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a dokar da ta ba 'yan wasan jami'o'in jihar damar cin moriyar sunansu, ya kuma yi hakan a shirin talabijin na LeBron James, O'Bannon yana zaune a wurin. Wasu jihohi suka bi sahu. A Yuni 2021, a wata shari'a da ake kira Alston, alƙalan Kotun Ƙoli tara gaba ɗaya suka kayar da NCAA, ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, ya rubuta cewa irin wannan tsarin kasuwanci haramtacce ne a kusan kowace masana'anta a ƙasar. Ranar 1 ga Yuli 2021 hukumar ta janye haramcin cin moriyar suna. A 2024 EA ta dawo da wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i, wannan karon da sunayen yaran na gaskiya, ta biya kowannensu dala 600. A Yuni 2025 kuma Wilken ɗin dai ta amince da sulhun wata shari'a da ake kira House: kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa cikin shekara goma, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kai tsaye. Sulhun ya shafi waɗanda suka buga daga 2016 zuwa sama. O'Bannon ba ya ciki. Tun a 2014 masu ƙarar sun janye neman diyyar kansu domin shari'ar ta tsaya a kan gyara doka. Bayan kantin motoci, aikin sa ido kan masu laifin da kotu ta saka bisa sharaɗi ya koma a Las Vegas.

Na yi murna da wannan canji, ban kuma da wata tantama cewa adalci ne. Sai dai akwai ɓangaren labarin O'Bannon da kotu ba ta taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Jami'o'in rukunin farko sun haura 350, 'yan wasan kwando maza a cikinsu sun haura 5,000, NBA kuwa mutum 60 take zaɓa a shekara, ciki har da 'yan ƙasashen waje. Manyan kuɗaɗen sabon zamani suna tafiya ne ga taurari ƙalilan. Tun 2024 kuma ɗan wasa yana iya sauya jami'a kowace shekara ba tare da zaman jira ba, kuma da yawa suna yi, suna bin inda tayi ya fi tsoka. 'Yanci ne da suka cancanta, tunda kocinsu ma haka yake yi. Amma wanda ya zaga jami'a huɗu cikin shekara huɗu, wane malami ne ya san shi? Darussa nawa ne suka bi ruwa a hanya? In gwarzon ƙasa baki ɗaya, wanda ya zauna jami'a ɗaya shekara biyar, sai da ya kai shekara 38 zuwa 39 kafin ya riƙe digiri, ina ga yaron da ba wanda zai tuna lambarsa?

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin tun da Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa jami'ar Houston a 1980 hanyar ba ta rufe ba, kowace shekara dogayen yaran Afirka suna tafiya. Su kuma bizar ɗalibi ta takura musu neman kuɗi a cikin Amurka, don haka sabuwar damar ba ta isa gare su yadda ta isa ga 'yan ƙasa ba. Oscar Tshiebwe, ɗan Lubumbashi a Kwango, ya ci kyautar Wooden a 2022 yana jami'ar Kentucky, kyautar da O'Bannon ya ci, amma sai da tawagarsu ta je tsibirin Bahamas a watan Agustan shekarar ya samu ya yi aikin tallace-tallacensa a wajen ƙasar. Da ya shiga zaɓen NBA na 2023, babu ƙungiyar da ta kira sunansa.

Muna kuma da namu misalin a gida. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙaramar kwaleji ya samu, Bismarck State a jihar Dakota ta Arewa, daga nan ya yi 'yan shekaru yana bugawa a Turai, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Da ya daina a 2002 sai ya karɓi aikin farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA, a 2019 kuma Toronto ta ɗauki kofi a ƙarƙashin jagorancinsa. Shi da O'Bannon ba su yi kama a fili ba ko kaɗan, ɗaya tauraro ne ɗaya ba a san shi ba. Inda suka haɗu shi ne ranar da ƙwallo ta ƙare kowannensu ya yarda ya fara daga ƙasa, kuma aikin da za a fi tuna su da shi daga nan ya faro.

Don haka ina kira ga iyaye da masu horarwa a Kano da Zariya da Kaduna da Jos da Yamai, duk inda ake da yaron da tsayinsa da hannunsa suka fara jawo baƙi da alkawura. Kada a sa hannu a takardar da ba a kai wa lauya ya karanta ba, ko da mai kawo ta ya ce jirgi gobe zai tashi. A tambayi makarantar da baki, a kuma nemi amsa a rubuce: in gwiwar yaron ta tsinke a watan farko, wa zai biya tiyata, kuma tallafin karatunsa zai ci gaba har ya gama? Kai kuma ɗan samari, in Allah ya kai ka, ka zaɓi fannin da za ka iya ci da shi, ka shiga aji, kada ka baro Amurka sai da digirinka a jaka.